Watanni Ukun Ƙarshe: Nauyin da Mai Ciki ke Ɗauka a Ƙasar Gure

A ƙasar Gure ba a cika yi wa ciki lissafin mako ba. Wata ake ƙirgawa, shi ma sau da yawa da wani abin da ya faru ake kama shi: ya shiga gab da azumi, ko bayan an gama yankan gero. Idan ya kai wata bakwai sai a ce ciki ya tsufa, mace ta yi nauyi. A nan ne mutanen gida ke fara sa ido, amma idon nasu yana kan ranar naƙuda ne. Ni kuwa a ganina, mafi yawan abin da zai faru a wannan rana an riga an gina shi cikin watanni ukun da suka gabace ta, a kwanon mai cikin, da yawan aikin da aka bar mata, da ko an shirya yadda za ta isa likita idan naƙuda ta tashi da tsakar dare.

A mako na 28, wato farkon wata na bakwai, abin da ke ciki bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba. Ranar haihuwa, idan komai ya tafi daidai, zai kai kilo 3 ko ya ɗan ɗara. Kashi biyu cikin uku na nauyinsa ke nan a watanni uku kawai. A wannan lokacin ne ƙashinsa ke ƙwari, ƙwaƙwalwarsa ke girma da sauri, yake tara kitsen da zai riƙe masa ɗumi, yake kuma ajiye sinadarin ƙarfe da zai yi masa jini a watannin farko na shayarwa. Huhunsa na cikin abubuwan da ke nuna a ƙarshe, shi ya sa bakwaini ke wahalar numfashi. Duk wannan gini daga jikin uwa ake ɗibarsa. Idan abincinta bai kawo ba, jikinta ne ke biya.

Ita kanta uwar jikinta ya sauya ƙwarai. Ruwan jininta yana ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, amma jajayen ƙwayoyin jinin ba sa ƙaruwa daidai da haka, don haka jinin ke tsinkewa ko ga mace mai ƙoshin lafiya. Zuciya na ƙara bugu 10 zuwa 20 a minti. Mahaifa ta taso ta tokare huhu da tumbi, sai haki da ƙwannafi. Ta danne mafitsara, sai fita fitsari ba dare ba rana. Gaɓoɓin ƙugu suna sassautawa don buɗa wa yaro hanya, sai ciwon baya da tafiya a tattale. Hanji ya yi sanyin aiki, bayan gida ya yi tauri, wata har basir ya taso mata. Ƙafa kan kumbura da yamma ta saɓe da safe. Ciki kan ɗaure ya saki ba tare da tsari ba, nono kan fara tsatsafo da dakashi. Waɗannan duka halin tsohon ciki ne, ba cuta ba. Ƙwannafi yakan yi sauƙi idan aka rarraba abinci kaɗan-kaɗan, aka kuma bar tazara tsakanin tuwon dare da kwanciya. Kwanciyar ma a gefe ta fi, domin rigingine na sa nauyin mahaifa ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, kuma bincike a ƙasashe da dama ya danganta yin barci a rigingine bayan mako na 28 da ƙaruwar haihuwar ɗa ba rai.

To, sai a ɗora wannan jiki a kan ranar macen ƙauye a Bune, ko Kelle, ko Gidigir. Surfe da daka ba su san ciki ba. Rijiyar yashi tana da zurfi, guga na da nauyi, jarka mai cin lita 20 kilo 20 ce a kai. Itace ya yi nisa da gari. A kwaruruwan da ke tsakanin tudun yashi, inda ake noman rogo da rake da kayan miya ƙarƙashin dabino da goruba, akwai ban ruwa da ɗauko kaya. Motsa jiki yana da amfani ga mai ciki, kuma gaskiyar tsofaffi ce da suke cewa wadda ta kwanta ta miƙe ƙafa tana ƙara wa kanta wuya. Amma shara da girki da tattaki daban, jan guga da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, daban. Aiki mai nauyi yana ƙone abincin da ya kamata ya isa ga yaro, zafi mai tsanani da ƙishirwa kuma suna cikin abubuwan da ke tayar da naƙuda kafin lokaci. Cikin da ya tsufa a kaka, rumbu cike, nono ya wadata, ba ɗaya yake da wanda ya tsufa a Yuli da Agusta ba, lokacin da hatsi ya ƙare, ga noma, ga sauro. Gure ƙasa ce mai ƙarancin ruwan sama, shekarar da damina ta yi gardama kuwa mai ciki na cikin waɗanda ke fara ji a jikinsu, domin ita ce mai raba abinci, kuma uwa ta saba ba wa kowa kafin ta zuba wa kanta.

Idan azumi ya faɗo a wannan tsakani, addini bai bar ta cikin ƙunci ba. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen yankin ke bi, mai cikin da ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta tana iya ajiye azumi ta rama daga baya. Abin da ke hana mata da yawa karɓar wannan sauƙi shi ne kunyar a ga suna ci, da nauyin ramuwa su kaɗai. Kalma ɗaya daga bakin maigida ko malamin unguwa tana ɗauke wannan nauyi.

Ƙarin abincin da tsohon ciki ke buƙata bai kai yadda ake zato ba. Masana suna ƙiyasta shi da kalori wajen 450 a rana. Gyaɗa cikin tafi biyu da kofin nono sun kusa cika shi. Matsalar ba ta tsaya ga yawa ba, ta fi tsanani wajen iri. Gero abinci ne nagari, yana ma da ƙarfe fiye da farar shinkafa, amma fura da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare, kullum haka, ba su isa gina jinin mutum biyu ba. A cikin geron akwai wani sinadari da ke riƙe ƙarfe ya hana hanji tsotse shi. Jiƙa hatsi da tsimawa, irin na koko da kamu, suna rage ƙarfinsa. Wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Davis da abokan aikinsu suka yi a ƙauyukan jihar Damagaram, wanda aka buga a 2017, ya sami kusan mata masu ciki huɗu cikin goma da ƙarancin sinadarin zinki, fiye da huɗu cikin goma da ƙarancin folat, wajen kashi ɗaya cikin uku kuma da ƙarancin bitamin B12, wanda daga nama da nono da ƙwai da kifi ake samunsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin maganin wannan gibi yana nan a ƙasar. Ga wake, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga riɗi, ga zogale da yakuwa da tafasa, ga nonon shanu da na akuya daga rugage, ga fara da ake soyawa a kasuwa, wadda ke cike da abin gina jiki. Kuka kanta tana da sinadarin ƙarfafa ƙashi. Amma ƙwan da kaza ta saka kasuwa ake kai shi, akuya kuwa ana ajiye ta ne don ranar suna, lokacin da aikin gina jinin ya riga ya wuce.

Shi ya sa ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha miligram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikrogram 400 na folik asid kowace rana. Ana cewa jini ya yi ƙasa idan awonsa ya gaza gram 11 a desilita, ya yi ƙasa ƙwarai idan ya gaza 7. Mace mai jini 12 za ta iya zubar da rabin lita wurin haihuwa ta tashi ta yi wanka. Mai jini 7 wannan zubar kaɗai tana iya kai ta ga halaka. Mata da yawa suna karɓar ƙwayar su ajiye, saboda tana tayar da zuciya, tana mai da bayan gida baƙi. Baƙin ba illa ba ne, tashin zuciyar kuma yakan ragu idan aka sha da dare bayan abinci. Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba shi ne shayi. Shayin nan mai kauri da ake dafawa zagaye uku yana hana jiki tsotsar ƙarfe idan aka sha shi tare da abinci ko da ƙwayar. A ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu. Lemun tsami, tumatir da garin ɗan kuka kuwa suna taimaka wa ƙarfen ya shiga. Mai cikin da ta kamu da kwaɗayin farar ƙasa ko gawayi, sau da yawa jininta ne ya yi ƙasa, cin ƙasar kuma ƙara rage shi yake yi, ya haɗa mata da tsutsar ciki.

Akwai wani dalili mai zurfi da ke sa a ajiye ƙwayar, a kuma rage cin abinci, kuma a kansa nake so in daɗe, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Ana tsoron ɗa ya yi girma ya ƙi fita. Uwar miji takan ce, "Ke yarinya, rage cin nan, kada ya yi miki ƙato." Ba mugunta ce ke sa ta faɗa ba. Ta ga doguwar naƙuda da idonta, ta ga wadda ta kwana biyu a durƙushe, ta ga wadda ta tashi da yoyon fitsari. Tsoron na gaskiya ne. Amma abin da ke tsayar da yaro a hanya galibi ƙugun uwa ne da bai buɗe ba, ko kwanciyar yaro da ta zo a karkace. Ƙugu kuwa tun ƙuruciya ake gina shi: yarinyar da tamowa ta tsumbure, aka kuma aurar kafin ƙashinta ya gama girma, ita ce cikin haɗari. Binciken lafiyar al'umma na Nijar na 2012 ya nuna kusan mata uku cikin huɗu an yi musu aure kafin shekara 18. Rage abinci a wata na takwas ba zai faɗaɗa ƙugu ba, kuma ba ya rage kan yaro sosai, domin jiki yana fifita ƙwaƙwalwar ɗan tayi a kan sauran gaɓoɓinsa. Abin da ake samu shi ne jariri ramamme, ƙasa da kilo 2.5, mai saurin sanyi da kamuwa da cuta, da uwa marar jini, marar ƙarfin nishi. An yi asara biyu ke nan, haɗarin da ake gudu kuma yana nan inda yake. Maganin ɗan da ya ƙi fita aikin fiɗa ne a kan lokaci, ba yankan gishiri ba, wanda shi kansa yana huda mafitsara. Cibiyar gyaran yoyon fitsari ta Danja kusa da Maraɗi, da aka buɗe a 2012, da asibitin Babbar Ruga na Katsina, suna cike da labarin matan da aka jinkirta kai su.

Daga wannan tsoro ne maganar zaƙi ta samo tushe. Ana hana mai tsohon ciki rake da zuma da dabino, ana dafa mata saiwoyi don ta zubar da zaƙi, naƙuda ta zo da sauƙi. Rage sukari ba laifi ba ne, ciwon sukarin ciki gaskiya ne, kuma shi ne ma ke sa yaro ya yi girma fiye da kima. Amma wannan awon jini ke gano shi. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, mai sa zawo ko mai matsa mahaifa, yana iya ƙarar da ruwan jiki ko ya tayar da naƙuda mai tsanani a kan ƙofar da ba ta buɗe ba. Sauran hane-hanen ba su da wannan nauyi. Cewa naman raƙumi zai sa ciki ya zarce wata tara, don raƙuma tana ɗaukar nata fiye da shekara, ko cewa ƙwai zai lalata halin yaro, ba su da tushe, kuma a ƙasar da nama ke wuya sun hana mace abin da ta fi buƙata.

Kanwa ta cancanci a tsaya a kanta, tunda ƙasar Muniyo da Manga, inda Gure take, gidanta ne, daga tafkunan nan ake kwasarta a kai har kasuwannin Kano. Ɗan abin da ake jefawa a wake ko a miya ba shi ne abin damuwa ba. Kunun kanwa mai yawa shi ne, domin kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji aiki. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun ba da rahoton yawan ciwon zuciyar da ke kama mata dab da haihuwa da bayanta, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano da abokan aikinsa ya nuna al'adun ba su ne ainihin tushen ciwon ba. Rama, talauci, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam sun fi fitowa fili. Wannan bai wanke kanwa ga mai hawan jini ko mai kumburi ba. Macen da ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matasai, tana tari da dare, ƙafa ta kumbura har gwiwa, zuciyarta ce ke neman taimako.

Zazzaɓin sauro kuma yana da wata dabara a jikin mai ciki, musamman cikin fari. Ƙwayar cutar tana taruwa a mabiyya, tana cin jinin uwa tana tauye abincin yaro, wani lokaci ba tare da zazzaɓi ya fito ba. Shi ya sa ake ba da Fansidar wurin awo tun daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata ɗaya tsakani, tare da gidan sauro. A Gure, daga Agusta zuwa Oktoba, wannan kariya tana daidai da abinci wajen muhimmanci.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, biyar daga ciki kuma a watanni ukun ƙarshe suke: mako na 30, 34, 36, 38 da 40. Dalilin a fili yake. Hawan jinin ciki yakan taso ne a ƙarshe, kuma ba ya sallama. Mace tana iya jin garau alhali awonta ya kai 140 bisa 90, fitsarinta na fitar da abin da bai kamata ba. Idan ya yi nisa sai ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, daga nan sai jijjiga. Jijjiga ba iska ba ce, hayaƙi da turare ba sa tsayar da ita; akwai allurar da ke tsayar da ita a likita. Haka zubar jini ko kaɗan ne, fashewar faya kafin naƙuda, zazzaɓi, ko yaro ya rage motsin da aka saba ji. Kowanne daga cikinsu na tafiya ne nan take, ba na jiran gari ya waye ba. A Nijar an mayar da aikin fiɗar haihuwa kyauta tun 2005, awon ciki ya biyo baya a 2006, a 2024 kuma gwamnati ta sanar da cewa haihuwar kanta ta zama kyauta a asibitocinta. Amma karne, wato katin awo, ba ya ɗaukar mace daga ƙauye zuwa likita, kuma kunya ba ta san doka ba. Mai cikin fari takan ɓoye ciwo don kada a ce ta yi raki, takan yi naƙuda ita kaɗai a ɗaki har sai an ji kukan jariri. Al'adar goyon ciki, da ake mayar da ita gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, tana da alheri babba, domin a gaban mahaifiyarta za ta ci ta ƙoshi, ta huta, ta faɗi abin da ke damunta. Sai dai a duba ko gidan iyayen ya fi kusa da likita ko ya fi nisa, a kuma tafi da karnen awo.

Nisa shi ne abin da ya bambanta Gure da birni. Daga garin zuwa Damagaram, inda cibiyar kula da uwa da yaro da babban asibiti suke, wajen kilomita 170 ne a kan kwalta, hanyar da ta wuce zuwa Difa. Wanda ke kan kwaltar ya yi sa'a. Na arewa, wajen duwatsun Kutus ko hanyar Tesker, yashi ne, sai amalanke ko babur ko motar da ta zo ranar kasuwa. Masu bincike Thaddeus da Maine, a 1994, sun kasa jinkirin da ke kashe mata wurin haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawara, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun iyali suke, kuma a gidajenmu a hannun maigida suke. Ba banza ba ne a jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a ƙarshen shekarun 2000, da tallafin asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, inda magidanta ke zama su tattauna awo da haihuwa, su jawo hankalin 'yan uwansu. Nijar ta kuma nuna cewa abu mai arha yana aiki: wani rahoto da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna shirin ƙasa na tsayar da zubar jini bayan haihuwa, mai amfani da ƙwayar misoprostol da wasu kayan aiki masu sauƙi, ya rage mace-macen zubar jini a asibitocin ƙasar da fiye da rabi.

Shirin da ake nema daga maigida a wata na bakwai ba ya buƙatar boko. Ya san wace likita za a je, ya riƙe lambar mai mota ko mai babur, ya ware 'yan jakunkuna na mai tun kafin kuɗin ragon suna, ya bar izini a gida cewa ko ba ya nan a tafi da ita, musamman masu tafiya cin rani Libiya ko Najeriya. Ya nemi 'yan uwa biyu da suka yarda su ba da jini idan an buƙata. Idan ƙauyen na da nisa, ko an taɓa yi mata fiɗa, ko tagwaye ne, ko ungozomar likita ta ce yaro ya kwanta a gicciye, ta koma gidan dangi a cikin Gure tun wata na tara yana kamawa. Jan guga da dakan yamma kuma a ɗora wa wani daga yanzu har ta gama arba'in.